Kuɗin Goro Ka Yi Wa Tsofaffin Gidan Yari, Malam

Malam, na karanta rubutunka a kan tsofaffin da ke tsare a gidajen yari, har sau biyu, don kada in yi maka martani a kan abin da ba ka faɗa ba. Abin da na fahimta shi ne kana ganin masu kiran a sassauta wa fursunan da ya tsufa suna wasa da haƙƙin wanda aka zalunta. Ka ce furfura ba ta wanke jini, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, ko da bakin ba sauran haƙori. Ka ce wannan kira ba namu ba ne, ƙungiyoyin Turawa ne suka shigo mana da shi. Sannan ka rufe da cewa duk wanda aka ɗaure a bar shi ya cika wa'adinsa, in ajali ya riske shi a ciki to haka Allah ya rubuta masa.

Ban ɗauke ka marar tausayi ba. Na ga inda tausayinka ya karkata, wajen marayu da zawarawan da wani ya raba da mai ciyar da su, kuma sun cancanci a tausaya musu. Inda muka raba hanya shi ne ka yi wa tsofaffin nan kuɗin goro. Ka ƙera mutum guda a ranka, mugu, wanda ya kashe rai da gangan, aka yi masa shari'a ta gaskiya, aka yanke masa hukunci, sannan ka cire rigarsa ka sa wa duk mai furfurar da ke bayan katangar nan. Wanda ni na gani da idona ba shi ba ne.

Ni mutumin ƙasar Yankwashi ne. Shekarun baya na raka kawuna ziyara wani gidan yari, sai da muka canja mota biyu daga Karkarna kafin mu isa. Maƙwabcinsa muka je gani, dattijon da suka yi ƙuruciya tare. Asalin maganar iyakar gona ce. Ruwan shuka ya sauka, aka wayi gari an tuge gambar da ta raba gonarsu da ta wasu danginsu, magana ta yi zafi, samari suka ɗaga sungumi, aka rotsa wa wani magidanci kai, bayan kwana uku ya cika. Yaran da suka yi dukan ba su kwana a garin ba. Da 'yan sanda suka zo, maigida suka tarar a zaure, da shi suka tafi. Lokacin yana dab da shekara 60. Ranar da muka je ya shekara 9 a ciki, kuma ba a taɓa kiran shaida ko ɗaya a kansa ba.

Gandiroba ya sa kawu ya ɗanɗani furar da muka kawo, kamar yadda ake yi, muka zauna a benci muna jira. Can sai ga wani yaro, ba zai wuce shekara 20 ba, riƙe da hannun tsoho, yana ce masa, "Baba, ɗaga ƙafa, akwai dakali." Ciwon yana ya rufe wa tsohon ido duka biyu. Kawu ya yi sallama, tsohon ya tsaya cik, ya juya kunne wajenmu, ya ce, "Muryar nan ta gida ce." Bai tambayi shari'arsa ba, ya daɗe da daina tambaya. Ruwa ya tambaya, da yadda gero ya yi, da wanda ke noma gonar. Yaron ne ya gaya mana sauran: shi yake jiƙa masa gabza ta yi laushi saboda ba haƙori, shi yake kai shi bayan gida cikin dare, shi yake wanke masa wando in fitsari ya ƙwace masa. Yaron nan wayar salula aka ce ya sata. Da lokaci ya cika, tsohon ya lalubo hannun kawu ya riƙe, ya ce, "Ka gaya wa mai unguwa, in na mutu a zo a ɗauke ni. Kada a binne ni a nan."

To, Malam, wane wa'adi ne wannan zai cika? Ba a yanke masa ba.

Kada ka ce na tsinto mutum guda na kafa hujja da shi. Alƙaluman hukumar gidajen gyaran hali da kanta sun nuna mutanen da ke tsare a Najeriya sun kai wajen 80,000, kuma kusan biyu cikin uku jiran shari'a suke yi, kotu ba ta same su da laifi ba. Yadda mutum yake tsufa a wannan jira ba ɓoyayyen abu ba ne. Ana zarginsa da kisa ko fashi, sai a kai shi gaban majistare, wanda ba shi da hurumin sauraron irin wannan ƙara. Majistare ya ce a tsare shi har a sami shawarar ma'aikatar shari'a. Daga nan fayil ya kama hanya. A yi wa ɗan sandan da ya yi bincike canjin wurin aiki, shaida ya mutu ko ya tafi ci-rani bai dawo ba, ranar zama ta zo a ce ba man da za a zuba wa motar kai fursunoni kotu, a ɗaga. Mai lauya yana da wanda zai bi masa sawu. Talakan ƙauye ba shi da kowa sai mai kawo masa fura sau ɗaya a shekara. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta iyakance kwanakin irin wannan tsarewa, ta ce kwana 14 ne, sai an koma gaban kotu a nemi ƙari. Doka ce mai kyau. Tsohon da na gani bai taɓa jin labarinta ba.

Ka tuna Celestine Egbunuche na jihar Imo, wanda aka riƙa kira fursuna mafi tsufa a Najeriya? Shi ma rikicin fili ne. An kama shi tare da ɗansa a shekarar 2000 bisa zargin sun sa an kashe wani, amma ba a yanke musu hukuncin kisa ba sai 2014. Shekara 14 kafin a ce ga laifinka. Ya cika shekara 100 a gidan yarin Enugu, da ciwon suga, ido ya tafi, ɗan nasa ne yake masa wanka da komai a ciki. Sai a watan Yunin 2019 ya fito, bayan afuwar gwamnan jiharsu Rochas Okorocha. Ban ce bai yi ba, ban ce ya yi ba, kotu ce ta yi magana. Abin da nake tambaya shi ne me Najeriya ta ƙaru da shi a shekarun ƙarshen nan da ta yi tana gadin mutumin da ko an buɗe masa ƙofa ba zai iya gano hanyar fita ba.

Akwai kuma waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, sun haura 3,000. Gwamnoni ba sa sa hannu. Rabon da a ji an zartar da irin wannan hukunci tun ƙarshen 2016 a jihar Edo. Saboda haka wanda ya shiga ɗakin kwandam yana ɗan shekara 30 yana nan har furfura ta fito masa, ba a kashe shi ba, ba a sake shi ba, kullum ya ji motsin makulli da asuba sai gabansa ya faɗi. Ƙara da dokokin da jihohi suka yi a 'yan shekarun nan na ɗaurin rai da rai a kan garkuwa da mutane da fyaɗe, har da tamu Jigawa, inda Gwamna Badaru Abubakar ya sa hannu a dokar da ta tsananta hukuncin fyaɗe a 2021. Ba na jayayya da waɗannan dokoki. Amma duk saurayin da aka ɗaure rai da rai yau, tsohon gidan yari ne na gobe. Amurka ta riga mu shiga wannan hanya: fursunonin jihohinta masu shekara 55 zuwa sama sun tashi daga wajen 26,000 a 1993 zuwa sama da 131,000 a 2013. Maganar ba za ta gushe don mun kau da kai ba, ƙaruwa za ta yi.

Ka ce hali zanen dutse ne, in an sake su za su koma ruwa. Hali zanen dutse ne, gaskiya, amma yawancin laifi ƙarfi yake so. Fashi yana son gudu, satar shanu tana son kwanan daji, faɗan gona yana son damtse da zafin jini. Hukumar da ke tsara hukunce-hukunce a Amurka ta bi diddigin fursunonin da aka saka har tsawon shekara 8, ta fitar da sakamako a 2017. Cikin waɗanda ba su kai shekara 21 ba, kashi 67.6 cikin 100 an sake kama su. Cikin masu 65 zuwa sama, kashi 13.4 ne kawai. Ba sai mun je Amurka ba ma. Duba garinku, waɗanda suka addabi kasuwa shekara 40 da suka wuce, ina suke yau? Yawancinsu suna sahun gaba a masallaci, da carbi.

A nan dole in tsaya in ba ka gaskiyarka, don akwai laifin da tsufa ba ya hana shi. Mun sha jin dattijo mai jikoki ya lalata yarinya 'yar shekara shida da alewa. Wannan ba ƙarfi ya yi amfani da shi ba, furfurar ce ma ta buɗe masa ƙofa, don ba wanda ya zarge shi. Irin wannan, in kotu ta tabbatar, ba na cikin masu cewa a mayar da shi unguwar da yarinyar take tashi, ko shekararsa nawa. Haka wanda yake zaune yana ba da umarni wasu suna kisa. Da a kan waɗannan ka tsaya, da ba ka ji daga gare ni ba. Amma ka ga, rarrabewar nan da muka yi yanzu ni da kai, ita ce duk abin da ake nema: a duba mutum, a duba laifinsa, a duba abin da ya rage a jikinsa. Kai kuwa cewa ka yi kada a duba.

Maganarka da ta fi damuna ita ce wai tausayin tsohon fursuna kayan aro ne daga Turawa. Malam, ka yi karatun zaure, na gani a rubutunka. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu, wanda malamanmu suke biyawa tun kafin Bature ya san hanyar Kano, babin alƙalanci ya nuna cewa sabon alƙali in ya kama aiki, lamarin waɗanda ke tsare shi zai fara dubawa, kafin dukiyar marayu ma. Malamai suka ce dalili shi ne tsarewa azaba ce, ba a jinkirta duba ta. Alƙali Abu Yusuf, wanda ya rasu a shekara ta 182 bayan hijira, ya yi wa Halifa Haruna Rashid nasiha a littafinsa Kitabul Haraji a kan 'yan kurkuku: a ciyar da su daga baitulmali, a ba su tufafin sanyi da na zafi, a riƙa duba shari'arsu a kai a kai, wanda ya cancanci horo a hore shi a sallame shi, wanda ba a same shi da komai ba a sake shi. Har kokawa ya yi a kan baƙon da zai mutu a kurkuku gawarsa ta kwana ba a yi mata sutura ba. Da na tuna wannan wuri sai maganar tsohon nan ta dawo mini, kada a binne ni a nan.

A littafin nan dai aka kawo labarin Sayyidina Umar da tsohon nan Bayahude da ya gani yana bara don ya biya jiziya. Umar ya kama hannunsa ya kai shi gida, ya ba shi abin da ya samu, ya sa aka ɗauke masa jiziyar shi da ire-irensa, don a ganinsa ba adalci ba ne a ci ƙuruciyar mutum a yar da shi da tsufa. Kuma a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an sami wani mai rauni ƙwarai da bulala 100 ta hau kansa. Ba a ce laifinsa ya faɗi ba, ba a kuma ce a yi ta dukansa har ya mutu ba. Reshen dabino mai silla 100 aka sa aka ɗauko aka buga masa sau ɗaya. An tsai da hukunci, an kuma dubi jikin da zai ɗauke shi. Wannan gadonmu ne. Majalisar Ɗinkin Duniya sai a 2015 ta sabunta ƙa'idojinta na kula da fursunoni ta sa musu sunan Mandela.

Yanzu ga maganar haƙƙin wanda aka zalunta, wadda ita ce ginshiƙin rubutunka. Bari mu koma garinmu mu tambayi matar magidancin nan da aka rotsa wa kai. Me ta samu a shekarun da tsoho ya yi a tsare? Ba ta sami diyya ba. Ba ta ji alƙali ya ce wane ne ya kashe mijinki ba. Waɗanda suka ɗaga sungumin suna can sun yi aure sun hayayyafa. Ita ce ta yi ta surfe da sussuka a gidajen mutane har ta raini 'ya'yanta. Ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ta me take so. An ɗaure tsoho da sunanta, ita kuwa ko ƙwayar gero ba ta shigo mata ta wannan hanya ba.

A shari'ar Musulunci haƙƙin jini a hannun waliyyan mamaci yake. Su ne za su ce a yi ƙisasi, ko su karɓi diyya, ko su yafe. Ana tambayarsu, ana jin bakinsu. Ɗaurin da ba shi da ranar ƙarewa ba ya cikin ukun nan, kuma ba ya sanyaya zuciyar kowa. In da gaske haƙƙin zawarawa da marayu ne ya dame mu, to abin da za mu yi wa faɗa shi ne a gama shari'a da wuri tun shaidu suna da rai, a kamo ainihin mai laifi, a zaunar da dangi biyu gaban hakimi da liman a yi maganar diyya. Dokar hukumar gidajen gyaran hali da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2019 ta buɗe wannan ƙofa. Ta kawo hukuncin da ba na ɗauri ba, da ɗaurin talala, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka yi wa. Ta kuma ba babban alƙali damar mayar da hukuncin kisa ɗaurin rai da rai ga wanda ya gama ɗaukaka ƙara ya shekara 10 yana jira. Kayan aiki suna nan, hannu ne ba a sa ba.

Wani abin da ban ga ka ambata ba shi ne, sassauci saboda tsufa ba sabon abu ne da ake neman shigo da shi ba. Ana yi, sai dai ba kowa ake yi wa ba. A watan Afrilun 2022 Majalisar Ƙoli ta Ƙasa ta amince da afuwa ga mutum 159, cikinsu har da tsofaffin gwamnoni biyu, Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba, waɗanda kotu ta ɗaure a 2018 a kan dukiyar jama'a ta sama da naira biliyan ɗaya kowannensu. Dalilin da fadar shugaban ƙasa ta bayar shi ne shekaru da rashin lafiya. Ba wanda ya kai 70 a cikin su biyun a lokacin. Sun fita daga gidan yarin Kuje a watan Agustan shekarar. In ka ce a rufe ƙofar sassauci, ba a kan irin waɗannan za ta rufu ba, su suna da lauyoyi da likitoci da masu kai sunansu inda ake rubutawa. A kan manomin da ba ya iya rubuta sunansa za ta rufu.

Gwamnati ma ta taɓa amsa cewa shekaru abin dubawa ne ga talaka. Lokacin korona, a watan Afrilun 2020, ministan cikin gida Rauf Aregbesola ya sanar da afuwa ga fursunoni 2,600, kuma cikin sharuɗɗan akwai shekara 60 zuwa sama da ciwon da ake ganin ba tashi. Ba mu ji ƙasa ta kife ba. A Nuwamban 2023 magajinsa Olubunmi Tunji-Ojo ya tara naira miliyan 585 aka biya wa mutum 4,068 tara da diyya suka fita, mutanen da talauci kaɗai ya riƙe. Abin takaicin shi ne sai annoba ta zo, ko wani minista ya yi niyya, sannan ake tunawa. Kuma a aikace jerin sunayen afuwa daga cikin waɗanda aka yanke wa hukunci ake tsamo shi, don haka mai jiran shari'a, wanda ƙila ma ba shi da laifin, shi ne na ƙarshen fita.

Ka ce wasu tsofaffin gara suna ciki, aƙalla suna samun abinci da wurin kwana. Na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma gani ya kori ji. Kuɗin ciyar da fursuna ɗaya a rana naira 750 ne har zuwa 2024 da aka mayar da shi 1,125. Je kasuwar Kazaure da wannan kuɗi ka haɗa abinci sau uku, sannan ka tuna mai ciwon suga ba kowane abinci yake ci ba, mai hawan jini kullum yana son magani, wanda fitsari ya ƙi fita sai an sa masa roba. Gidajen nan don samari aka gina su. Ka tuna zafin bazararmu a ɗakin da aka cusa mutum ninkin abin da zai ɗauka, ka tuna hunturu a kan siminti ga mai ciwon gwiwa. Gandiroba aikin tsaro ya koya, ba jinya ba, kuma da yawansu daga aljihunsu suke sayo wa tsoho maganin ciwon jiki. Jinyar gaske tana kan fursunoni 'yan'uwansu, irin yaron wayar nan. Japan, da duk arzikinta, inda kusan ɗaya cikin biyar na fursunoninta ya haura 60, sai da ta ɗauki masu jinya ta sa maƙalai a bango ta koma dafa abinci mai laushi. Mu da me za mu yi?

Amma tambayarka tana da ƙashi a ciki, ba zan tsallake ta ba: in an buɗe ƙofa ina zai je? Wanda ya shekara 20 a ciki zai tarar an raba gona, mata ta yi wani aure ko ta rasu, 'ya'ya suna jin kunyar sunansa. A Japan ɗin nan akwai tsofaffin da suke satar ɗan abu a kanti da gangan don a mayar da su, saboda a waje ba mai ce musu sannu. Sakin tsoho a bakin titi da kuɗin mota ba rahama ba ce. Sai dai a nan muna da abin da su ba su da shi. Masarautar Kazaure, daga Kazaure zuwa Roni da Gwiwa da Yankwashi, ba ƙauyen da ba shi da mai unguwa da dagaci da liman, haka Babura da sauran ƙasar Jigawa. Ba tsohon da zai fito a rasa wanda ya san ubansa. A hannun waɗannan za a damƙa shi, da shaida, bayan an je an zauna da dangin wanda aka yi wa laifi. Jihar da ta iya yanka wa naƙasassu naira 7,000 duk wata a 2007 zamanin Sule Lamido ba za ta kasa ɗaukar 'yan tsofaffin da ba su taka kara sun karya ba a yawa.

Kada kuma a ce wannan aikin Abuja ne. Da can gidan yari na En'e ne, sunan ma daga sarautar Yari ya samo asali, har zuwa 1968 da gwamnatin tarayya ta karɓe. Ba yabon wancan zamani nake ba, 'yan NEPU sun ga tasku a waɗannan ɗakuna. Amma tun gyaran tsarin mulki na watan Maris 2023 jihohi sun sami ikon shiga harkar gidajen gyaran hali. Tun kafin nan ma mafi yawan waɗanda ke ciki dokar jiha ake tuhumarsu da karyawa. Sashe na 212 na tsarin mulki ya ba gwamna ikon afuwa bayan ya shawarci kwamitinsa, wata doka ta 1977 kuma ta ba babban alƙalin jiha ikon shiga gidan yari ya saki wanda tsarewarsa ta saɓa wa doka ko ta wuce abin da za a ɗaure shi in da an same shi da laifin. Abin da nake roƙon Gwamna Umar Namadi da babban alƙalin Jigawa ƙarami ne. A ƙirga duk wanda ya kai shekara 60 a gidajen yarin jihar nan, daga Kazaure har Haɗeja, a rubuta laifinsa, da shekarun da ya yi, da abin da likita ya gani a jikinsa. Mai jiran shari'a a sa masa rana ta kusa, ko a yi ko a sake shi. Wanda aka yanke wa hukunci a aika wa dangin wanda ya zalunta a ji bakinsu kafin a yanke komai. A ƙasar da matsakaicin tsawon rai bai kai shekara 60 ba, wanda ya kai ta a ɗaure ba shi da lokacin jiran fayil.

Tsohon namu ya fito a shekara ta 11, a wata ziyarar rage cunkoso. An duba aka ga ba fayil, ba shaida, aka ce ya tafi. Kawu ne ya je ya ɗauko shi. Yaron da ke jinyarsa ya riga shi fita da daɗewa, wani ne ya gaje shi. Abin da ya ɓata mini rai, kuma na san kai ma zai ɓata maka, ba wanda ya je ya gaya wa iyalan mamacin. A kasuwa babban ɗansa ya ji, ya koma gida ya gaya wa uwarsa, ta ce to, shi ke nan jinin ubanku ya tafi. Ba a yi zaman sulhu ba, ba a yi maganar diyya ba, ba a ce da su ga wanda ya yi ba.

Damina ɗaya ya gani a gida. Jikokinsa sukan kai shi bakin gona da hantsi su zaunar da shi a gindin gawo, ya riƙa damƙar ƙasa yana murzawa yana gaya musu ko ta sha ruwa. Ya rasu bayan an yi girbi, aka binne shi a maƙabartar garin kusa da iyayensa. Daga gidan mamacin mutum ɗaya ne ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun baya, bai jira gaisuwa ba. Gambar nan har yau ba a mayar da ita ba. Tsakanin gonakin biyu akwai wani zirin ƙasa, faɗinsa bai fi taku huɗu ba, shekara da shekaru ba mai shuka shi.